Korona ba ta kama shanu ba, to me ya karya mai kiwo, nama kuma ya yi tsada?

Tambayar wani mai karatu: "Assalamu alaikum Likita. Ina turka shanu da raguna, ina kuma da 'yan kajin ƙwai a bayan gida. A shekarar korona na yi asarar da har yau ban gama farfaɗowa ba. Bijimai biyu na sayar ƙasa da abin da suka ci, ƙwai kuma ya lalace mini a kiret. Amma ƙanena da ke Legas yana ce mini a can nama ya gagari talaka. Cutar nan ba ta kama saniya ba, ba ta kama gero a gona ba. To ina abincin ya tafi? Kuma in Allah Ya sake jarrabar mu da wata annoba, me mutum zai yi?"

Wa alaikumus salam. Allah Ya mayar maka da alheri, Malam. Abin da kake tambaya, in na fahimce ka, shi ne yadda abu guda zai yi arha a hannun mai shi har ya yi kuka, kuma a mako guda ya yi tsada a hannun mai saye har shi ma ya yi kuka. Na shafe shekaru ina duba dabbobi a kara da mayanka kafin yanka da bayan yanka, kuma kullen 2020 a bakin aiki ya same ni, don haka zan ba ka amsa da abin da idona ya gani da kuma abin da ya tabbata daga wasu ƙasashe.

Ka yi gaskiya cewa cutar ba ta taɓa dabbarka ba. Kaji ba sa ɗaukar ƙwayar korona, shanu ma da ƙyar take kama su, kuma ba a samu shaidar cewa cin nama yana yaɗa ta ba. Annobar da mu likitocin dabbobi muka saba da ita daban ce. Dattawan Fulani har yau suna ba da labarin cutar bushiya da ta share garaken shanu a farkon shekarun 1980. Masu kaji kuma ba su manta da murar tsuntsaye da ta ɓulla a jihar Kaduna a Fabrairun 2006 ba. Irin wannan annoba lissafinta a fili yake: dabba ta mutu, nama ya yi ƙaranci. Annobar mutane ta fi wuyar ganewa, domin saniyar tana nan tana tuƙa, hatsin yana nan a rumbu. Wanda take kwantarwa ko ta kulle a gida shi ne direban tirela, da dillali, da mahauci, da ɗan fiɗa, da mai tsire, da mai shayin da ke sayen ƙwanka. Tsakanin turkenka da tukunyar ƙanenka akwai hannu ya fi goma. Hannu ɗaya ya tsaya, kaya su taru a bayansa su faɗi warwas, a gabansa kuma a neme su a rasa. Kai kana bayan wurin da ya toshe, ƙanenka yana gaba.

Inda ya toshe a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki

Bari na fara da Amurka, don kada ka ɗauka talaucinmu ne kaɗai ya jawo. A can kamfanoni huɗu ne ke yanka kusan kashi 85 cikin 100 na turkakkun shanun ƙasar. Masana'anta ɗaya tana iya yanka shanu dubbai a yini, ma'aikata kuma dubbai ne, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, nama yana wucewa a gabansu a kan bel, kowa da yankan da yake yi. Ɗakin sanyi ne a rufe, iskar ciki ita ake ta juyawa, ƙarar injuna ta sa sai an ɗaga murya kafin a ji juna. In da za a ce wa ƙwayar cutar numfashi ta zaɓi gida, da nan za ta zaɓa. Ga shi da yawa daga cikin ma'aikatan baƙi ne 'yan ci-rani da 'yan gudun hijira, har da 'yan Somaliya da sauran 'yan Afirka, mota ɗaya suke shiga zuwa aiki, gida ɗaya suke cunkusuwa, kuma da yawa ba za su iya fashin aiki don zazzaɓi ba.

A Afrilun 2020 masana'antar kamfanin Smithfield da ke Sioux Falls, wadda ita kaɗai ke fitar da kusan kashi 5 cikin 100 na naman aladen ƙasar, ta rufe bayan ɗaruruwan ma'aikata sun kamu. Ta kamfanin JBS da ke yanka shanu a Greeley ta jihar Colorado ita ma ta rufe na ɗan lokaci. A Kanada, masana'antar Cargill ta High River, da ke sarrafa kusan sulusin naman shanun ƙasar, ta tsaya. Manoma suka rasa inda za su kai dabbobin da suka isa yanka. Aka riƙa kashe aladu ana binnewa, aka hallaka kaji kusan miliyan 2 a yankin Delaware da Maryland saboda babu masu aikin fige su, aka riƙa tuntsurar da madara a ƙasa. A daidai lokacin kantuna suna ƙayyade yawan naman da mutum ɗaya zai saya, mutane suna layin mota a wuraren rabon abinci. Ranar 28 ga Afrilu Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin cewa masana'antun nama su ci gaba da aiki. Daga baya wani kwamitin majalisar wakilan ƙasar ya gano cewa a shekarar farko aƙalla ma'aikata 59,000 na manyan kamfanoni biyar sun kamu, 269 sun mutu. A Jamus ma, a watan Yuni, sama da ma'aikata 1,500 na mayankar Tönnies suka kamu, har aka sake kulle gundumar Gütersloh gaba ɗaya, kuma daga farkon 2021 ƙasar ta hana manyan mayanka ɗaukar masu yanka da masu datsar nama ta hannun 'yan kwangila.

Da nake karanta labaran nan a lokacin, na riƙa kallon tamu kwatar da wani ido. Wurin da kullum muke ƙorafin babu rufi, babu inji, babu ɗakin sanyi, sai ga shi rashin nan ya zama mana garkuwa ta wani ɓangare: a sarari ake aiki, iska tana kaɗawa, kuma kowane gari da tasa kwatar, ta wannan gari ta tsaya ta wancan tana yi. Ba yabon ƙazantar mayankanmu nake yi ba, wannan wani ciwon ne da na daɗe ina fama da shi. Ina nuna maka ne cewa kowane tsari da inda maƙogwaronsa yake. Nasu yana cikin masana'anta. Namu yana kan kwalta.

Namu maƙogwaron

Mu ba ma safarar nama, dabba muke safara da ranta. Sa ya taso daga Nijar ko Chadi, ya bi ta Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a, ko Potiskum ranar Laraba, a loda shi a tirela, ya yi tafiyar kilomita dubu ko fiye zuwa mayankar Oko-Oba a Agege ta Legas, a yanka shi da asuba, a cinye shi kafin dare. Babu inda ake ajiye shi a tsakani. Tsarin gaba ɗaya ya dogara ga abu biyu: kasuwar mako ta ci, hanya kuma ta buɗe.

Duka biyun aka taɓa. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja, Ogun ta biyo baya a farkon Afrilu, wato manyan masu cin naman Arewa. A tsakiyar Afrilu Kano ta shiga nata kullen, ranar 27 ga wata gwamnatin tarayya ta ƙara ɗaure shi, aka kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa farkon Yuli. Jihohi da dama sun rufe kasuwannin mako. A takarda an ce kayan abinci da na noma su wuce. Amma takardar tana Abuja, shingen yana daji. Direbobin da nake hulɗa da su sun riƙa dawowa da labari iri ɗaya: shingaye sun ninka, kowane shinge da nasa farashin, a iyakar wata jiha a kwana ana roƙo. Buhun masara zai iya kwana uku a bakin shinge bai ce komai ba. Sa da ke tsaye a tirela cikin zafin Afrilu, babu ruwa babu ciyawa, kowace sa'a rama yake yi, wani ya durƙushe 'yan uwansa su tattake shi. Falken da ya yi wannan tafiya sau ɗaya ya ga abin da ta ci, in ya dawo kara ɗayan biyu zai yi: ko ya ƙi saye, ko ya taya da arhar da za ta rufe masa asarar hanya. Tayin da aka yi wa bijimanka ke nan. Kuɗin shingen da ramar hanyar kuma su ne ƙanenka ya biya a kan teburin mahauci.

Sannan masu cin naman ma sun ragu ta wata fuskar. Ka lissafa naman da ke tafiya a biki da suna da walima, da otal-otal, da gidajen abinci, da tukubar mai tsire da ke raya dare. Duk an dakatar. A mayankar da nake zuwa, akwai ranakun da kafin hantsi an wanke wuri an watse, saboda mahauci ba zai kayar da sa ba alhali bai san ko za a bar shi ya kasa naman ba, kuma ba shi da firjin da zai kwana a ciki. Su kuwa yaran da ke rayuwa da fiɗa da wankin kayan ciki da dakon nama, ranar da ba a yi yanka ba babu cefane a gidansu.

Hatta aikin Hajji ya shiga lissafin. A 2019 mutum kusan miliyan biyu da rabi suka yi Hajji. A 2020 Saudiyya ta taƙaita shi ga 'yan tsiraru mazauna ƙasar. Makiyayan Sudan da Somaliya da ke kiwon raguna shekara guda domin hadaya suka wayi gari babbar kasuwarsu ta shekara ta tafi.

Kajinka su suka fi ba ni tausayi

Sa yana da haƙuri. In kana da abin ba shi, za ka iya riƙe shi wata biyu ko uku, asararka ita ce dusa da harawar da ya ƙara ci. Kaza ba ta san an yi kulle ba. Kaza mai ƙwai tana cin kimanin giram 110 zuwa 120 kullum, wato kaji dubu suna tashi da kusan buhu biyar mai kilo 25 kowace rana, ko an sayi ƙwai ko ba a saya ba. Ƙwan kuma a zafin bazara bai wuce mako biyu zuwa uku ya fara juyawa. Su wa ke sayen ƙwai da yawa? Mai shayi da mai indomi, da masu biredi da kek, da makarantun kwana da shirin ciyar da ɗalibai. An rufe makarantu tun Maris, mai shayi an hana shi fitowa da dare. Kajin nama kuwa in sun kai mako shida zuwa takwas ba a kwashe su ba, daga nan duk abin da suka ci daga aljihunka ne, ga zafi yana kashe masu nauyin cikinsu.

Sai duka na biyu ya biyo baya. Masara ita ce rabin abincin kaji ko fiye, kuma a tsakiyar shekarar farashinta ya kusa ninkawa. A watan Yuli Babban Banki ya hana ba da dala don shigo da masara, daga baya da abin ya yi ƙamari aka ba wasu kamfanoni huɗu izinin shigowa da ita, aka kuma ce a fitar da tan 30,000 daga rumbun gwamnati don masu haɗa abincin kaji. Kafin nan masu ƙananan gonaki da yawa sun riga sun sayar da kajinsu ga masu yanka sun rufe keji. Na san mutanen da na yi wa kajinsu rigakafi shekara da shekaru, tun daga lokacin ba su sake zuba ko ɗan tsako ba. Ga kuma inda abin yake da ban haushi: ɗan tsakon da aka zuba yau sai ya yi mako 18 zuwa 20 kafin ya fara ƙwai. Don haka ƙwan da aka rasa mai saye a Afrilu, shi ne aka nema da tsada a ƙarshen shekara, lokacin da wanda ya yi asarar ba shi da kazar da zai ci ribar.

Gona da damina

Kullen ya faɗo a ƙarshen noman rani da bakin damina. Masu tumatir da tattasai da albasa a Kadawa da makamantanta sun sha irin wahalar masu ƙwai, don kayan gwari ba sa jiran a ɗage doka. Na damina kuwa lokacin sharar gona ne da neman taki da iri, lokacin da 'yan ci-rani ke komawa gida da ɗan abin da suka tara. Wanda ya je birni ya yi dako ko acaba don ya sayi taki, sai ya dawo hannu rabbana, in ma ya samu motar dawowa. Ruwan shuka kuma in ya sauka ba ya jiran kowa. Wanda ya makara da mako biyu, ko ya zuba rabin takin da ya saba, a kaka zai ga sakamakon.

An ga irin wannan a fili lokacin Ebola a 2014 a Gini da Laberiya da Saliyo. Noman shinkafarsu da aikin gayya ake yi, aka hana taro, mutane suna tsoron juna, aka rufe kasuwannin mako, sai ga amfani a gona babu isassun hannun da za su girbe.

Amma a nan zan faɗi gaskiyar abin da na gani: manomin ƙauye a Arewa bai fasa zuwa gona don korona ba. Kuma ba zan ɗora wa cutar duk tsadar 2020 ba. Tun Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, sai a Disambar 2020 aka buɗe Illela da Maigatari da Seme da Mfum. Farashin ɗanyen mai ya faɗi, aka karya darajar naira. Ambaliya ta cinye shinkafar Kebbi a ƙarshen damina. 'Yan bindiga sun hana noma a sassan Zamfara da Katsina, a Nuwamba kuma aka yi wa manoman shinkafa kisan gilla a Zabarmari. Ni likitan dabbobi ne, raba wa kowanne daga cikin waɗannan nasa kason aikin masana tattalin arziki ne, kuma ko su ba su gama daidaitawa ba. Abin da alƙaluman hukuma suka nuna shi ne hauhawar farashin abinci ta kai kashi 19.56 cikin 100 a Disambar 2020, ta kai 22.95 a Maris na 2021.

Yunwar aljihu

In masana suna maganar wadatar abinci, ba su tsaya ga ko akwai hatsi a ƙasa ba. Suna duba ko mutum zai iya kai hannu gare shi, da ko abin da yake ci yana gina jiki, da ko gobe ma zai samu. A 2020 duniya ba ta yi ƙarancin hatsi ba, duk da cewa Vietnam ta ɗan dakatar da fitar da shinkafa, Rasha ta ƙayyade fitar da alkama, abin da ya tsorata ƙasashen da ke saye. Amma hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa mutum miliyan 720 zuwa 811 suka yi fama da yunwa a shekarar, ƙarin sama da miliyan 100 a kan 2019. Kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano cike take da buhuna, mai turin baro ne ba shi da kuɗin kwano ɗaya, saboda sai ya fita yake samu, an kuma ce kada ya fita. Azumi ma a cikin kullen ya kama. Gida in ya shiga matsi, nama da ƙwai da madara ake fara cirewa, a bar tuwo da miyar kuka, kuma yara ƙanana da masu ciki su ke biyan wannan bashin a jikinsu.

Tallafin da aka yi alkawari kuwa, kowa ya ga inda wani kasonsa ya kwana, ranar da jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Jos da Kaduna da wasu garuruwa a Oktoba.

To me za ka yi?

Abin da ya fi ƙarfinka, kamar shinge da dokar kasuwa, na hukuma ne, kuma ra'ayina a kansa bai canja ba. Rufe kara gaba ɗaya kuskure ne. Kara fili ce, ana iya rage cunkoso a raba ranaku, a bar dabba ta wuce. Buɗe gari na 'yan sa'o'i a ranakun Litinin da Alhamis, kamar yadda aka yi a Kano, ya tara mutane ne a wuri ɗaya fiye da ranar kasuwa ta yau da kullum. Izinin wucewar kayan abinci kuma in bai isa kunnen wanda ke riƙe da shingen ba, tamkar ba a bayar ba ne. Ƙungiyoyin mahauta da na fataken dabbobi da sarakunan fawa su ya kamata a zauna da su tun kafin a sa doka.

Abin da ke hannunka kuwa, wanda na ga ya tsira a cikin mutanena shi ne wanda ya sayi masararsa da dusarsa da harawarsa tun kaka. Wannan kaɗai ya raba masu rufewa da masu ci gaba. Na biyu, kada ka zuba kaji ko ka turke shanu duka a zubi ɗaya da za su isa sayarwa rana ɗaya. Ka rarraba su, ta yadda in kasuwa ta mutu wata guda, kaso ɗaya ne ya faɗa ciki. Ka kuma duba wa kake sayar wa. Mai ƙwan da ke da dila ɗaya a birni ya zauna da kayansa, wanda ke da gidaje ashirin a unguwa da lambobin wayarsu ya riƙa kai musu rabin kiret rabin kiret har ƙofa. Haka na ga wasu sun yi watanda da sa: a haɗa mutum goma sha biyar ta waya, kowa ya biya kasonsa, a kira mahauci ya yanka a raba. Bai kai farashin Legas ba, amma ya fi tayin dillalin da ya san ba ka da mafita. In za ka yi haka, ka nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi ya duba kafin yanka da bayansa, don a irin lokutan nan ne naman dabbar da ta kusa mutuwa ke shiga kasuwa.

Kada kuma ka bar rigakafi. A shekarar an samu tsaiko wajen zagayen allurar ciwon huhun shanu da ta awaki da tumaki a wurare da dama, kuma na ga garken da ya tsallake kulle lafiya, ya zo ya yi asara bayan wata shida a kan cutar da allurar kuɗi kaɗan ke hanawa.

Game da bijiman nan biyu, da ka zo mini a Afrilun 2020 da tambayar ko ka sayar, da na fara tambayarka buhun dusa nawa ya rage maka da kuma ko bashi ka ci ka saye su. In abincin zai kai ka wata uku kuma babu mai bin ka, da na ce ka riƙe, domin an buɗe hanyoyin jihohi a farkon Yuli, Babbar Sallah kuma ta zo ranar 31 ga watan. In kuwa kullum sai ka auno dusa a kasuwa da kuɗin cefanen gida, to sayarwar da ka yi ita ce daidai, ko da ta yi ciwo.